Binne a Gonar Azara

Dakoro, Janairu 1955

Zuwa ga Kawu Kalla, anfarme a gidan likita na Bilma.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aiki. Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Na san ba ka san ni ba. Sunana Abarci, ɗan Azara ta gidan Rabo, can ƙauyenmu na bayan Ɗan Gulbi. Inna ta ce kakarka da kakarta ciki ɗaya suke, ta ce kun yi kiwon awaki tare kafin a kama ka a kai ka lakwal, makarantar Nasara. Ni ma haka aka yi mini. Ubana ya rasu, saboda haka da aka ce kowane gari ya ba da yaro, mai gari bai sha wahalar zaɓe ba. Yanzu ina ajin ƙarshe. Malaminmu, Mushe Sa'adu, shi ya faɗa mini inda kake.

Kawu, shawara nake nema. A watan Yuni za a kai mu Maradi mu yi jarrabawar satifika da kwankur, gasar shiga kwaleji. Ina so in ci, ina so in zama anfarme mai jinyar marasa lafiya kamarka. Amma ba ni da lokaci ko na sosa kai. An sauke ni gidan wani Buzu mai suna Agali. Ba mugu ba ne, sai dai yana da dabbobi, ka kuwa san zurfin rijiyoyin Dakoro. Da asuba ni ke kora takarkari yana jan wasaki, mu je can nesa da igiya mu dawo, har sai komi ya cika. In na isa lakwal idona yaji yake yi. Da yamma rijiya ce kuma. Alhamis da Lahadi da babu lakwal, ranakun neman itace ke nan da yayyafa wa bisashe harawa. Dikte kuwa, shiftar Faransanci, ya hana ni sakat, kullum kayena, littafin rubutuna, jawur yake dawowa daga hannun Mushe.

Abin da ya fi aikin ci mini rai shi ne ba ni da abokin magana. A gida Buzanci suke yi, in zauna da ƙwaryata a gefe ina kallon bakinsu. Ran kasuwa, da an tashe mu, sai in ruga in yi ta zagaye ko zan ga wani ɗan garinmu. Wani lokaci in samu, yawanci in dawo haka nan.

Kai yaya ka yi ka ci? Idan wasiƙar nan ta dame ka, ka yi haƙuri.

Ɗanka, Abarci.

Bilma, Maris 1955

Ɗan Azara,

Na samu takardarka, kuma lafiyata ƙalau, in ban da ƙafa da ke ɗan taɓa ni lokacin sanyi. Ka gai da uwarka. Ka tambaye ta ko ta tuna ranar da ta tura ni cikin ƙarangiya saboda tsamiya. Ni ban manta ba.

Ka ce ko ka dame ni. Yaro, nan daga gishiri sai dabino sai yashi. Mutanen kirki ne, amma Barbarci suke yi, likitan da ke samana kuma Faransanci. Sai ayari ya sauka nake jin Hausa, in bi fatake kamar maraƙi ina jan su da hira har su gaji da ni. Takardarka na karanta ta da ƙarfi, don kunnena ma ya samu rabonsa. Ka ci gaba da rubuto mini da Hausa, Faransancin ka bar wa Mushe.

To, batun lokaci. Ka daina cewa ba ka da shi. Kana da shi, hannun takarkari kawai ka damƙa. Wannan tafiyar da kake yi da igiya, me bakinka ke yi? Waƙa, ko? Takarkari ya san hanyarsa, ba ya neman shawararka. Ka rubuta kalmomin dikte a ƴar takarda ka soke a hula. In za ku fita da igiya ka duba, in za ku dawo ka harhaɗa baƙaƙen da ka, ba dubawa. Gobe lissafi, jibi sunayen koguna. Ni a bayan jakin wani Bagobiri na koyi nawa, har jakin ya kusa iya kalkil, wato lissafi.

Na biyu, kuma wannan ba za ka ji daɗinsa ba: ka bar yawon kasuwa. Na san abin da kake nema can, ni ma na nema. Za ka ga mutumin garinku, ya ce kowa lafiya, ya tambaye ka ko an fara ba ka naman alade, ka dawo da zuciya ta fi da nauyi, yamma guda kuma ta tafi. Mai son abu ɗaya dole ya saki wasu. Abin da za a iya yi yau kar ka kai shi gobe, abin da ba naka ba ne kar ka ɗauka. Daga nan zuwa Yuni aikinka kwankur ne, sauran duk su jira.

Ba zan ɓoye maka ba, hanyar nan akwai kaɗaici. Rabona da ƙauye tun kafin a haife ka. Amma ka tambaye ni yadda ake ci ne, na kuwa faɗa maka.

Kawunka, Kalla.

Dakoro, Afrilu 1955

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar? Allah ya sawwaƙe. Nan zafi ya sauka sosai, ga azumi ya kama.

Dabararka ta yi. Agali ya ɗauka aljanu suka shafe ni, don ya ga ina tafe bayan takarkari ina magana ni kaɗai. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya ya ce in dai komi na cika, in yi ta yi. Makon jiya Mushe Sa'adu ya ɗaga kayena gaban aji. Kasuwa ma na bari. Ran kasuwar farko da ban je ba, na zauna bayan aji ina jin kukan raƙuma daga nesa, ban karanta komai ba sai hawaye. Yanzu na saba.

Ga abin da ya hana ni barci. Kwankur zai faɗo daidai saukar damina. Gida babu namiji sai ni, daga Inna sai ƙanwata Habi, ita kuwa ba ta isa ɗaga sungumi ba. Ka san yadda ake yi, in ruwan shuka ya sauka kowa gonarsa yake rugawa, ba mai duban wani sai ya gama tasa, kafin nan kuma laima ta tafi. Sauran shekaru Mushe kan sake mu mu je shuka. Bana ya ce daga farkon Yuni ko rasuwa aka yi sai ya ga gawa.

Na yi ta tunani, sai maganarka ta faɗo mini, cewa abin da za a iya yi yau kar a kai shi gobe. Za a ba mu hutun salla. Zan tafi gida in yi binne, in sare gonar duka tun ƙasa na bushe, mu zuba iri mu rufe, ya kwanta yana jiran ruwa. Ranar da ruwa ya zo, ko ina Maradi gonarmu ta shuku. Na ga tsofaffi na yi.

Abu ɗaya ne. Bara ba a samu kirki ba, irin da Inna ta ɓoye ɗan dami ne guda na zangarniya da ta zaɓa da hannunta, ta rataye cikin rumbu. Ko da yunwa ta matsa ba ta taɓa shi ba. Ban san ko za ta yarda ba. Me ka gani? Ka ba ni amsa da wuri don Allah, kafin salla.

Ɗanka, Abarci.

Bilma, Mayu 1955

Abarci,

Lafiya lau, barka da shan ruwa. Takardarka yau ta iso, yau nake amsawa, a tsaye ma nake rubutu don mai jakar wasiƙu na ɗaure kaya.

Kar ka binne irin nan duka. Ka ji ni? Kar ka yi. Ka ga tsofaffi na binne, amma ba ka leƙa rumbunsu ba. Mai yin binne rabin iri yake zubawa, ko kashi ɗaya cikin uku, sauran yana rataye. Ƙasarmu ta tudu tana da ruwan ƙarya, ɗan yayyafi da zai jiƙa sama kaɗai, iri ya ɗauka damina ce ya fito, rana ta biyo ta ƙone shi. Ga gafiya, ga zabin daji masu tono. Mai dami goma shi ke wannan caca, mai dami guda ba ya yi.

Da na ce kar ka kai aikin yau gobe, dikte nake nufi da kalkil, abin da ke hannunka. Ruwan sama ba a hannunka yake ba. Ka binne ɓangaren fadama kaɗai in ka matsu, sauran ka bar wa uwarka, ta fi ni da kai sanin gonar nan. Abin da ta ce, shi za ka yi.

Allah ya sa wannan ta riga ka zuwa.

Kalla.

Dakoro, farkon Yuni 1955

Kawu,

Barka da salla, da fatan an yi lafiya. Na jira amsarka har ranar tafiya ban gani ba. Na ce a raina da akwai aibu da ka yi magana.

Na je gida, na yi binne, an gama. Inna da fari ƙi ta yi. Ta ce ubana bai taɓa binne fiye da gefen gona ba. Na zauna na yi mata lissafi, na nuna mata in ba a yi haka ba, ko dai gona ta kwana ko ni in rasa kwankur, shekarun nan duka da na yi a gidan mutane su tashi a banza. Ta ce to a bar mata ko ƙwarya guda. Na auna na ga in an rage ba zai kai ƙarshen gona ba. Sai na ce mata kai ka ba da shawarar. Ka gafarce ni, Kawu, na san ba haka ka faɗa ba daidai, amma na ga maganar duk ɗaya ce. Da ta ji sunanka sai ta ce, "To, ku ne masu karatu." Ta shiga rumbu ta sauko da damin da kanta.

Ita ta sussuka, ta sheƙe. Ni ina gaba ina sara da sungumi, ita tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, Habi na kawo mana ruwa. Ƙasa kamar toka, ƙafa na ƙuna. Maƙwabta suna wucewa suna cewa sannu da aikin Nasara. Inna ta ci gaba da jefa irinta. Ranar da zan taho ta kife ƙwaryar irin a bakin rumbu, ta dafa mini wake na ci a hanya.

Yanzu kaina ya sauka. Ba abin da ke gabana sai karatu. Mushe ya roƙi Agali ya ɗauke mini rijiyar yamma, ya kuwa yarda. Shekaranjiya hadari ya haɗu ta kudu, har mun ji ƙamshin ƙasa, amma nan ko ɗigo. Na ce ko can gida an samu. Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka, Abarci.

Dakoro, Yuli 1955

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki ƙalau.

Takardarka ta watan azumi na tarar da ita a hannun Mushe ranar da muka dawo daga Maradi. An ce motar da ta ɗauko jakar ce ta lalace a hanya. Na karanta. Ba abin da ka faɗa wanda bai faru ba.

Wancan hadarin da na ba ka labari, yayyafi ya yi a garinmu. Iri ya fito, gona ta yi kore shar, mutane har suna zuwa kallo. Daga nan sama ta ɗauke. Tsiron ya yi ta lanƙwashewa har ya zama kamar gashin masara, iska ta kwashe. Ni duk ban sani ba. Mutanen garinmu sun zo kasuwar Dakoro har sau biyu da saƙon Inna, sun duba inda na saba tsayawa ba su gan ni ba. Ina bayan aji ina haddace kogunan Faransa.

A Kornaka na ji. Kamyon, babbar motar da ke kai mu Maradi, ya tsaya shan ruwa, ga ƙasa jiƙe sharkaf, don ruwan gaske ya sauka a daren. Duk inda ka duba mutane ne da sungumi a kafaɗa suna sauri. Sai ga Maraya, maƙwabcinmu, ya zo gyaran sungumi wurin maƙeri. Shi ya faɗa mini. Na ce Inna fa? Ya ce ya baro ta zaune a bakin rumbu, gari duk ya watse gona, ita ba ta da abin zubawa.

Kawu, daga inda nake tsaye ina ganin hanyar da ta yanke zuwa Ɗan Gulbi. Da na bi ta, da na roƙi iri gida gida tun da sauran laima, kowa ya san ubana, ba za a hana ni tafi guda guda ba. Mace ita kaɗai ba ta iya roƙo da sara da zubawa a yini ɗaya. Na san wannan sarai. Direba ya busa, Mushe ya kira sunana, na hau. Ba wanda ya tura ni.

Na yi jarrabawa. Dikten bai ba ni wuya ba, kalkil ma haka. Yaran Maradi iyayensu na jiran su a ƙofa da fura, ni na zauna gindin itacen bedi har aka kira mu mota. Gobe zan tafi gida. Ban san da wane ido zan dube ta ba.

Abarci.

Bilma, Agusta 1955

Ɗana,

Na samu takardunka biyu a jaka ɗaya, ta murna da ta baƙin ciki. Na karanta ta farko ina cizon yatsa tun kafin in buɗe ta biyu.

Ba zan yi maka faɗa ba, wanda kake yi wa kanka ya isa. Sunana da ka ara ma na yafe, amma ka faɗa wa uwarka gaskiya, kar ta riƙe ni da abin da ban ce ba. Nawa laifin daban ne. Ni na hana ka kasuwa, na ce sauran duk su jira, kamar uwa ma cikin sauran take. Na ba ka shawarar mutumin da ba shi da kowa, don ita kaɗai na sani.

In ayarin Buzaye ya juyo da sanyi zan aiko da kantun gishiri da buhun dabino ta hannun mutanen Agali. A kai wa Azara ta musanya da hatsi. Ba zai maye gona ba, amma zai rage wani abu.

Ka rubuto mini ko da labarin ba daɗi. Shirun ya fi mini ciwo.

Kawunka, Kalla.

Dakoro, Oktoba 1955

Kawu,

Ina gaisuwa, na kuma gode da alkawarin gishiri. Allah ya saka.

Sakamako ya fito. Na ci satifika, na ci kwankur, mu biyu kaɗai daga lakwal ɗinmu. Kwamanda, Baturen mulki, da kansa ya ba ni hannu. Jibi kamyo zai kwashe mu zuwa Yamai.

Daminar duka a gida na yi ta. Kafin in isa, Inna ta bi gonakin mutane tana yi musu zubi, ana biyan ta da tafin iri. Abin da ta tara ta shuka a ƙuryar gona bayan kowa ya gama, ita da Habi, da ƴar fartanya. Ya fito, amma a makare, ruwa ya ɗauke yana cikin bunni, bai yi ƙwaya ba. Abin da za a yanka ba zai kai su tsakiyar rani ba. Ni na yi ta ƙwadago ana ba ni hatsi ina kawowa. Tana karɓa ta ce sannu. Na faɗa mata gaskiya a kan sunanka, ta ce dama ta sani, Kalla ɗan manomi ne, ba zai faɗi haka ba. Na ce to me ya sa kika yarda? Ta ce, "Na ga kana so ƙwarai."

Da takardar sakamako ta zo, mai gari ya aiko a kira ni, mata suka yi guɗa. Inna ta yanka kazarta guda, ta sa mini albarka a gaban mutane, ba ta rage komai ba. Da aka watse na same ta tana wanke tukunya. Na ce mata baɗi ana sakin ƴan kwaleji a farkon damina, zan zo da wuri, kuma na yi tunanin yadda za mu raba gonar, gefe kaza a fara, gefe kaza a jira. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce ta riga ta yi magana da Baffa, ƙanen ubana. Daga bana shi zai riƙa noman gonar, yana ba su abin da ya sawwaƙa.

Na ce, Inna, gonar ubana ce fa, ina raye.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma bar wankin ba. Ta ce, "Kana raye, Allah ya ƙara maka rai. Ka je ka yi karatunka da zuciya ɗaya, abin da ka zaɓa ke nan, kuma ban ce ka yi laifi ba. In ka zo hutu ga ɗaki, ga tuwo. Amma gona tana son wanda zai kasance nan ranar da aka yi ruwa."

Da safe ta raka ni har bakin gari, abin da ake yi wa baƙo.

In ka tashi rubutowa, ka aika kwalejin Yamai. Ban san kowa ba a can.

Ɗanka, Abarci.